Haƙƙin mallaka ba ya kare dabara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an gayyace ki wata ƙungiya ta masu kasuwanci da ke zama suna ba juna shawara, kina tsoron ki faɗi sabuwar dabararki wani ya riga ki aiwatarwa, shi ne kike tambaya ko haƙƙin mallaka zai kare ki. Na daɗe ina irin wannan zama, bari in faɗa miki abin da na gani.

Gaskiya ba zai kare ki ba. Dokar haƙƙin mallaka ba ruwanta da dabarar da ke cikin kai, abin da aka fitar a zahiri take karewa: rubutun da kika yi, hoton da kika ɗauka, zane, bidiyo, manhaja. Idan kika rubuta tsarin kasuwancinki a takarda, wani ba shi da ikon kwafe rubutun ya buga da sunansa, amma in ya karanta ya gane dabarar ya je ya yi irinta, wannan doka ba ta hana shi ba. Haka sunan kasuwanci ko gajeren take, ba nan suke ba, rajistar alamar kasuwanci ake yi musu. Sabuwar na'ura kuma takardar haƙƙin ƙirƙira ake nema mata, wadda yawanci shekara 20 take yi.

Wani sauƙi da mutane ba su sani ba: a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka, waɗanda yanzu sun haura 180, haƙƙin yana tabbata ne da zarar kin yi aikin, ba sai kin yi rajista ko kin sa alamar © ba. Mafi ƙarancin wa'adinsa rayuwar mai aikin da ƙarin shekara 50, a Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa 70 ne. Sai dai a Amurka, aikin da aka fara fitarwa a can sai an yi masa rajista kafin a shigar da ƙara.

Ni inda na sha wuya ba satar dabara ba ce. Na biya wani mai zane ya yi mini tambari da hotunan kaya, na ɗauka tun da na biya, shi ke nan nawa ne. Ana nan sai na ga zane mai kama da nawa ƙwarai a jikin kayan wani. Na kawo maganar wurin zamanmu raina a ɓace, wani dattijo a cikinmu bai ce komai ba sai "Ina takardar da ya sa hannu cewa ya miƙa miki haƙƙin?" Babu. Ashe a ƙasashe da dama, idan mai aikin ba ma'aikacinki ba ne, ɗan kwangila ne, haƙƙin yana nan hannunsa har sai ya miƙa shi a rubuce. Kuɗin da na ba mai zanen, izinin amfani kawai suka saya mini. Dole na koma na lallashe shi, na sake biya, lauya ya rubuta mana yarjejeniya. Da ban faɗa a zaman ba, da har yau ina ganin ni ce da gaskiya.

Shi ya sa nake cewa ki shiga, amma ki duba tsarinsu tukuna. Abin ba sabo ba ne, akwai manyan ƙungiyoyin shugabannin kamfanoni da ke irin wannan zama, kamar YPO da take tun 1950, da Vistage tun 1957, kuma ƙananan ƙungiyoyi ma salon da suke bi kusan ɗaya ne: mutane kaɗan, zama sau ɗaya a wata, ba a haɗa masu sana'a iri ɗaya a rukuni guda, sannan abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake tsayawa. Wannan na ƙarshe shi ne kariyarki. Ki tambaya ko akwai yarjejeniyar riƙe sirri a rubuce da kowa ya sa wa hannu. In suka ce ai duk 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba, to ki riƙa kai musu matsalar ma'aikata da ta bashi da ta farashi, ki bar sirrin haɗin kayanki da jerin kwastomominki a aljihu. Ko da takardar ma, ni sai da na yi zama uku ina saurare kafin na buɗe baki sosai.

Ki kuma lura da naki ɓangaren. Hoton da kika gani a Google ba kyauta ba ne don kawai ya sauku a wayarki. Ko masu lasisin Creative Commons, wato waɗanda masu su suka ba jama'a izinin amfani da su kyauta, sharaɗinsu ya bambanta, wani ambaton mai shi kawai yake so, wani ya hana amfani da shi a harkar neman kuɗi gaba ɗaya, kuma talla neman kuɗi ce. In kuma naki aka ɗauka aka sa a Facebook ko Instagram, suna da fom na kai ƙorafi, kuma za ki buƙaci nuna inda naki na asali yake, don haka kada ki goge hotunan farko daga kwamfutarki.

Wanda ya yi miki tambarinki, kina da takardarsa? In babu, ki neme shi tun yanzu da kuke shiri.