Tambaya da Amsa: Idan Mota Za Ta Wuce Mai Keke, Wa Zai Kauce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Garin Malam a Damagaram, kuma a kan keke nake zuwa aiki kullum a wani ƙauye da ke kan hanyar Mirya. Makon jiya wata babbar mota ta taho ta bayana da lodi, direban ya danna oda tun daga nesa amma bai rage gudu ba, ga kuma wata mota tana tahowa ta gabanmu. Na matsa har bakin kwalta, da ya zo wucewa sai na ji iska ta ture ni, tayar gaba ta faɗa cikin yashi, na kife da littattafan ɗalibai. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai na yi a gwiwa da tafin hannu. Waɗanda suka tashe ni sun ce laifina ne, tunda an yi mini oda ya kamata in sauka daga kan kwalta. Shin haka ƙa'idar hanya take?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Waɗanda suka tashe ka sun yi aikin lada, amma hukuncin da suka yanke ba daidai ba ne. Keke abin hawa ne da dokar hanya ta san da shi, yana da haƙƙin bin hannun dama na kwalta kamar yadda mota take da shi, kuma abin da ake koya wa duk mai neman takardar tuƙi shi ne nauyin wucewa yana wuyan mai wucewa, domin shi ne yake ganin na gabansa, kai kuwa ba ka da ido a ƙeya. Oda sanarwa ce, ma'anarta ga ni nan tafe. Direbobinmu da yawa sun mayar da ita umarni, suna ganin da zarar sun danna sun sauke nauyi, shi ya sa bayan kowane hatsari kalmar farko da ake ji ita ce, "Ai na yi masa oda."

Mu yi lissafin wurin da ka faɗi. Faɗin irin waɗannan hanyoyi namu masu hannu biyu bai cika wuce mita 7 ba, wato mita 3 da rabi ga kowane hannu. Babbar mota ita kaɗai tana cin kusan mita 2 da rabi, ban da madubanta. Kan keke bai wuce santimita 60 ba, amma keke ba a kan zare yake tafiya ba, dole ya riƙa ɗan karkata dama da hagu kafin ya daidaita, saboda haka shi da mahayinsa suna buƙatar kamar mita 1. Idan ka haɗa biyun, hannun hanyar ya cika, babu ko taki da ya rage a tsakani. Ke nan babu yadda babbar mota za ta wuce ka lafiya ba tare da ta shiga ɗaya hannun ba, kuma tunda akwai mota tana tahowa, abin da ya rage wa direban shi ne ya taka birki, ya bi bayanka har hanya ta buɗe.

Iskar da ka ji kuma ba tsoro ne ya sa ka ji ta ba. Babbar mota mai gudu tana tura iska ta gabanta da gefenta, wadda ke ture mai keke waje, sannan idan jikin motar ya zo daidai da shi sai iskar ta juya ta jawo shi wajen tayoyi. Wanda aka tura waje kuwa bakin kwalta yake tararwa, inda ta gutsure ta bar gaɓa, ƙasanta kuma yashi ne mai laushi da siririyar taya ke nutsewa a ciki nan take. Mai mota yana kallon wannan wuri a matsayin fili, alhali ga mai keke tarko ne.

Ƙasashe da dama sun sanya wa tazarar adadi don kada a bar ta ga ƙiyasin direba. A Faransa, wadda yawancin ƙa'idodin tuƙinmu suka samo asali daga nata, doka ta ce a bar aƙalla mita 1 a cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari. Jamus ta sanya mita 1 da rabi a gari da mita 2 a wajen gari tun 2020, Birtaniya kuma ta rubuta mita 1 da rabi a littafin ƙa'idodin hanyarta a Janairun 2022, tare da cewa a ƙara idan gudun ya yi yawa. Ga wanda ba ya yawo da abin awo, mita 1 da rabi ya yi kusa da gaba ɗaya, irin wadda mai sayar da igiya ke aunawa idan ya buɗe hannuwansa biyu. Kuma direbobinmu sun iya barin wannan tazara idan sun ga dama. Na sha tsayawa a bakin hanyar Tanut ina kallon direba ya rage gudu, ya yi wa jaki kwana mai faɗi, sannan bayan ƴan mitoci ya wuce mai keke har rigarsa tana kaɗawa a jikin mota. Dalilin a fili yake: ya san jaki ba ya jin oda.

Jiran kuma ba wani abu ba ne. Mai keke da ke tafiyar kilomita 15 a sa'a yana cin mita 100 cikin daƙiƙa 24, motar da ke gudun 50 kuma tana cinye su cikin 7, wato asarar direban ba ta kai sulusin minti ba.

Duk da haka Malam, ba zan ce ka tsaya kan haƙƙinka a gaban taya goma sha takwas ba. Ka sa ɗan madubi a kan kekenka, kuma kada ka riƙa manne wa bakin kwalta, ka bar tazara kaɗan a damanka domin ka sami wurin kaucewa. Idan ka hango manyan motoci biyu za su haɗu daidai inda kake, ka sauka tun da wuri bisa zaɓinka, ka tsaya cak ka sa ƙafa a ƙasa, maimakon a tura ka cikin yashi kana gudu. Wannan dabarar tsira ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma ba ta mayar da laifin direban kanka ba.

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, na fi shekara ashirin ina bin hanyar Agadas da ta Kano. Kullum aka yi hatsari da mai keke mu ake zagi. Ba a maganar masu tafiya da dare babu fitila, da masu ɗaure itace ko kara a gicciye, da masu juyawa ba tare da sun ɗaga hannu ba, da masu tahowa ta hannun da ba nasu ba. Mota mai lodi ba ta tsayawa kamar keke. Ina adalci a nan?

Amsa: Alhaji, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma masu keke da ke karanta wannan shafi su ji da kyau. Keke da dare yana buƙatar farar fitila a gaba da ja a baya, ko aƙalla abin da ke walƙiya idan haske ya doke shi, kuma farar riga ta fi baƙa fitowa tun daga nesa. Tafiya ana fuskantar motoci ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce, mai keke hannun dama zai bi tare da motoci, domin idan ya taho ta gaba gudunsa da na motar haɗuwa suke yi. Haka nan yaran da ke kama bayan mota tana jan su a kan hawa, iyaye su tsawata musu.

Akwai ma abin da ba ka faɗa ba wanda ya kamata masu keke su sani. Daga kujerarka akwai wuraren da ba ka gani ko da madubi, musamman gefen dama daidai ƙofar karen mota da kuma gaban hancin motar. Sannan idan doguwar mota za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwanar ta ciki, saboda haka mai keken da ya kutsa tsakaninta da bakin hanya a mahaɗa yana ganin fili ne wanda zai rufe cikin daƙiƙa biyu. Duk wanda ba ya ganin fuskar direba a madubi ya ɗauka direban ma ba ya ganinsa.

Amma Alhaji, ka duba hujjarka da kanka. Idan mota mai lodi ba ta tsayawa da wuri, to wajibi ne ta fara rage gudu da wuri. A gudun kilomita 90 a sa'a mota tana cin mita 25 kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka riga ka wuce tsawon motarka, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa huɗu yake yi. Damagaram mahaɗa ce: hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Diffa ta ratsa ta, wadda ta gangaro daga Agadas ta Tanut zuwa Magarya ta ratsa ta, ga tankokin da ke lodi a matatar man da aka buɗe a 2011 arewa da gari. Duk waɗannan suna bin kwalta ɗaya da ɗalibai da masu kai madara da masu garuwa. Wanda ya san ranar Alhamis ce kuma zai bi ta kusa da Kasuwar Dole, ko ya san hazon hunturu ya rufe gari, bai kamata mai keke ya zo masa a ba-zata ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kuskuren mai keke a jikinsa yake ƙarewa, kuskurenka ma a jikinsa yake ƙarewa, shi ya sa ake fara tambayarka kafin a tambaye shi. Ba ƙiyayya ba ce, babba juji ne.

Tambaya: Malam, ƴata tana zuwa makaranta a kan keke daga unguwar Birni. Na yi niyyar saya mata hular kwano, sai yayanta da ke jami'a ya ce ya karanta a intanet cewa direbobi sun fi matse mai hula. In saya ko in bari?

Amsa: Hajiya, ki saya. Abin da ɗanki ya karanta yana da tushe. A 2006 wani malamin jami'ar Bath a Ingila mai suna Ian Walker ya ɗaura na'urar awo a kekensa, ya auna motoci kimanin 2,500 da suka wuce shi a garuruwan Salisbury da Bristol. Ya tarar idan yana sanye da hula motoci suna matsowa da santimita 8.5 a matsakaici, idan kuma ya sa dogon gashi aka zaci mace ce sai a ƙara masa santimita 14. Bas da babbar mota su ne suka fi matse shi, har sau biyu aka buge shi yana cikin aikin. Sai dai a 2013 wasu masana a Ostireliya sun sake duba alƙalumansa, suka ce bambancin hular bai bayyana ba a wucewar da ta gaza mita 1, wadda ita ce mai hatsari. Santimita 8.5 faɗin tafin hannu ne, kuma an auna shi ne a titunan Ingila, alhali abin da hula ke karewa idan kai ya bugi kwalta ɗaya ne a ko'ina. Ki tabbata dai ta yi mata daidai ko a kan hijabi, kuma tana ɗaure igiyar a haɓa.

A cikin gari abin da zai fi samun ta ba babbar mota ba ce. Adaidaita ne da kabu-kabu da ke wuce mai keke sannan su yanke gabansa su tsaya don fasinja ya ɗaga hannu, da kuma ƙofar motar da ke tsaye da ake buɗewa ba tare da an waiwaya ba. Ki koya mata ta riƙa barin faɗin ƙofa tsakaninta da duk motar da ke tsaye, yatsunta kuma su kasance a kan birki duk lokacin da adaidaita ya sha gabanta. Ranar da babu makaranta yayan nata ya raka ta su bi hanyar tare, su zaɓi lungunan da za su rage mata bin babban titi, ya kuma duba mata birkin gaba da na baya da iskar taya.