Tambaya da Amsa: Abin da ke Riƙe Shahararrun Gine-ginen Duniya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun fi yawa a kan gine-ginen da suka yi suna a duniya. Mun zaɓi biyar, mun miƙa su ga injiniyoyin gini da maginan gargajiya da ke taimaka wa wannan fili, ga kuma amsoshinsu.

Assalamu alaikum. Ni magini ne. Na ga hoton wata hasumiya a Italiya ta karkace kamar yanzu za ta zube. Wasu sun ce da gangan aka gina ta haka. Gaskiya ne? In ba haka ba, me ya hana ta faɗuwa? (Wani magini daga Gusau)

Wa alaikumus salam, Malam. Ba da gangan ba ne. Hasumiyar Pisa ke nan, inda ake rataye ƙararrawar babban cocin birnin, kuma ciwonta daga ƙasa yake. An aza harsashinta a shekarar 1173. Tsayinta kusan mita 56 ne, nauyinta ya kai tan 14,500 na dutse da marmara, amma zurfin harsashin bai wuce mita 3 ba. Ƙasar wurin kuwa tsohuwar fadama ce: rairayi da taɓo a sama, yumɓu mai taushi cike da ruwa a ƙarƙashi. Gefen kudu ya fi na arewa laushi, shi ya sa can ta nufa.

A matsayinka na magini ka san yumɓu mai ruwa ba ya lotsawa rana ɗaya. In aka ɗora masa nauyi, ruwan cikinsa yakan riƙa tsiyayewa a hankali shekara da shekaru, ƙasar tana matsewa tana ƙara tauri. Wannan ɗabi'ar ce ta ceci hasumiyar. Da aka kai hawa na uku, wajen 1178, sai yaƙe-yaƙe suka tsayar da aiki kusan shekara ɗari, ƙasa ta samu sararin matsewa. Injiniyoyin da suka nazarci wurin sun yi ittifaƙi cewa da an zarce da gini ba hutu, da ta zube tun kafin a kammala. An koma aiki a 1272, magina suka riƙa ƙara wa gefen da ya nutse tsawo don su daidaita ta, shi ya sa in ka ƙura mata ido za ka ga ba karkata kaɗai ta yi ba, har da ɗan lanƙwasa. Ɗakin ƙararrawa na can ƙololuwa sai a 1372 aka gama shi.

Abin da ya kamata kowane magini ya riƙe shi ne gyare-gyaren da suka ƙara ɓata ta. A 1838 an tone kewayen gindinta don a fito da adon da ya nutse, ruwan ƙasa ya ɓulɓulo, karkatar ta ƙaru. A 1934 aka huda harsashin ramuka 361 aka ɗura siminti, ta sake zabura kudu. Kafin 1990 karkatar ta kai digiri 5.5, aka rufe ta. Fargabar ma ba ta kifewa kaɗai ba ce. Bangon fuska biyu ne na marmara da cikon tsakuwa da farar ƙasa a tsakiya, kuma nauyin duk ya taru a gefen kudu daidai inda matakala ta rage wa bangon kauri, don haka yana iya fashewa a nan ba tare da gargaɗi ba.

Sai aka bi ta daki-daki. A 1992 aka ɗaure wannan wuri da igiyoyin ƙarfe. A 1993 aka jibge dalma tan 600 a gindinta ta arewa don ta danne gefen. A watan Satumba na 1995 aka gwada daskarar da ƙasar gindin don a yi tono ruwa bai shigo ba, hasumiyar ta motsa kudu da sauri, aka dakatar, aka ƙara dalmar zuwa kimanin tan 900. Maganin da ya ci shi ne wanda injiniyan Ingila John Burland ya tsaya a kai: maimakon a ɗaga gefen da ya nutse, a saukar da wanda bai nutse ba. Daga 1999 zuwa 2001 aka zura na'urar huda a karkace ƙarƙashin gefen arewa ta ramuka 41, ana zaro ƙasa kaɗan-kaɗan, ana auna motsin ginin kullum kafin a sake zarowa. Kowane ɗan kogon da aka bari yakan rufe da kansa, gefen arewa ya sauka. Ƙasar da aka cire gaba ɗaya kimanin kubik mita 38 ce, ƙololuwar ta dawo da wajen santimita 44, aka kwashe dalmar, aka buɗe wa masu ziyara a Disamba 2001. Yanzu karkatar kusan digiri 4 ce.

Don haka, Malam, in bene ya fara karkata a hannunka, kada ka tone gefen da ya nutse, kada kuma ka ɗura siminti da ka. A fara gwada ƙasar, a gano inda ruwa yake.

Burj Khalifa na Dubai a kan rairayi yake, ga iskar hamada. Ta yaya gini mai wannan tsawo bai nutse ba, iska kuma ba ta kayar da shi ba? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Ɗalibi, tsayinsa mita 828 ne, an buɗe shi a Janairun 2010. Ƙarƙashin rairayin akwai dutse, amma mai rauni ne, ba wanda za a jingina masa irin wannan nauyi kai tsaye ba. Saboda haka aka haƙa ramuka sama da 190, kowanne faɗinsa mita 1.5, zurfinsu ya kai kimanin mita 50, aka sa rodi aka zuba kankare. Abin da ke riƙe waɗannan ginshiƙai shi ne gogayyar jikinsu da ƙasar da ta matse su tun daga sama har ƙasa. A kansu aka zuba faifan kankare guda mai kaurin mita 3.7, shi ne ya raba nauyin daidai. Ruwan ƙasar Dubai yana da gishiri sosai, gishiri kuwa yana cin rodi, don haka aka yi amfani da kankare mai matsatsen jiki, aka kuma haɗa wa rodin wata ƙaramar wutar lantarki mai hana tsatsa.

Iska ta fi nauyi wahalar sha'ani. In iska ta bugi dogon gini mai siffa ɗaya daga ƙasa har sama, takan riƙa yin guguwa a bayansa, dama da hagu bi da bi, har ta sa shi rangaji. Injiniya Bill Baker da mai zane Adrian Smith sun yi wa ginin fukafukai uku da suka tokare wata cibiya ta kankare mai kusurwa shida, sannan kowane fiffike yana raguwa a hawa daban, zagaye-zagaye. Faɗin ginin yana sauyawa da tsawo, guguwar ba ta samun haɗa kai. Ƙololuwar tana motsi a iska mai ƙarfi, an kuma tsara ta a kan haka. Kankaren kansa an tura shi da famfo sama da mita 600, akasari da dare, ana sa ƙanƙara a kwaɓin don kada zafi ya sa ya kama a cikin bututu ko ya tsattsage.

Wai da gaske ne kullum ana cikin yi wa hasumiyar Eiffel fenti? (Wata malamar makaranta daga Jos)

Malama, ba kullum ba, amma kusan duk shekara bakwai. Wannan hasumiya ta birnin Paris ƙarfe ce zalla, guntaye sama da 18,000 da aka haɗa da ƙusoshi miliyan biyu da rabi, aka gama a 1889. Fenti ne kaɗai ke tsakaninta da tsatsa. Kowane zagaye yana cin kimanin tan 60, kuma da buroshi ake shafawa bayan an kankare inda ya ɓamɓare, domin fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce.

Kakanmu ya bar mana soron ƙasa, 'yan'uwa sun matsa a shafe shi da siminti mu huta. Ni kuma na ji Masallacin Jenne na Mali laka ce zalla, ya haura shekara ɗari. Mene ne sirrinsa, kuma sandunan da suka fito a jikinsa na mene ne? (Wata Hajiya daga Damagaram)

Hajiya, Allah ya jiƙan kaka. Ginin masallacin da ake gani yau na 1907 ne, a gurbin wanda ya gabace shi, kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jenne cikin kayan tarihin duniya a 1988. Sirrinsa shi ne an san laka ba ta da abokin gaba kamar ruwa, aka tare shi ta ƙasa, ta sama, da ta jiki.

Ta ƙasa, garin yana cikin fadamar kogin Bani mai ambaliya duk damina, don haka aka ɗora masallacin a kan dandamali mai tsayin mita 3, tsawonsa da faɗinsa wajen mita 75. Ta sama, rufin azara ne da ƙasa a kan ginshiƙai 90, da indararo na kasko masu tsawo da ke wurga ruwa nesa da bango. Akwai ƙananan kafofi a rufin masu murfin kasko, a buɗe su da zafi iska ta fita, a rufe in hadari ya haɗu. Tubalinsa da hannu aka mulmula, ɗan'uwan namu ne, sai dai nasu ya fi kama da guntun turmi.

Ta jiki kuwa, yaɓe ne duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ana ɗebo laka daga kogi a zuba a ramuka, a haɗa da ɓuntun shinkafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa ana tattakawa. Ruɓewar ce ke ba ta danƙo, ɓuntun kuma ya hana ta tsagewa in ta bushe. Ranar aiki gari duka ke fitowa: mata na kawo ruwa, samari na gudu da kwandunan laka, magina na sama suna shafawa da tafin hannu, unguwanni suna gasa. Sandunan da kika gani itacen giginya ne, sun fito wajen santimita 60 daga bango, su ne matakar masu yaɓe. Giginya aka zaɓa domin gara ba ta cika cin ta ba, dalilin da ya sa mu ma da ita muke azara. Irin sandunan ne a hasumiyar Masallacin Agadas mai mita 27, wadda aka fara a 1515 aka sake gina ta a 1844.

Yaɓen ma yana da iyaka. Shafe a kan shafe na gomman shekaru ya tara wa Jenne nauyin da ba a gina shi da shi ba, a wasu wurare kuma sabon ya ɓoye tsaga a ciki. A Nuwamban 2009 saman ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa ya rufta bayan ruwa mai ƙarfi. A gyaran da gidauniyar Aga Khan ta yi tare da maginan garin, sai da aka kankare tsohuwar laka mai yawa daga rufi da bango, aka sauya azarar da ta ruɓe.

Game da soronku, ra'ayinmu a fili yake: kada a sa siminti. Bangon ƙasa yana shan laima daga gindi ya fitar ta jiki. Siminti yakan toshe wannan hanya, laimar ta taru a bayansa, ƙasar ta yi laushi ba wanda ya gani. Ga shi kuma siminti da ƙasa ba sa buɗewa da tsukewa tare in rana ta yi zafi ko sanyi ya sauka, sai shafen ya rabu da bango, ya yi ƴar tsaga, ruwan sama ya shige ya kasa fita. In kika ƙwanƙwasa kika ji yana amo kamar ganga, ya riga ya saki. Abin yi shi ne a nemo maginin gargajiya ya duba azara ko gara ta taɓa, a gyara rawanin soro da zankwaye tunda nan ruwa ke fara ci, a tabbatar indararo ya yi tsawon da ruwansa ba zai daki gindin bango ba, a cike gindin da ƙasa a yi masa gangare zuwa waje. Sannan a kankare yaɓen da ya saki, a ɗan jiƙa bangon, a shafa sabo da ramno a ciki, siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya, a bi da makuba. Magabatanmu sun san wannan ilimi matuƙa. Bakan gizon rufi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ƙasa ce da azara.

Na karanta cewa Taj Mahal yana sauya launi. Me ya jawo, kuma ana iya wanke shi? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Haka ne, ɗan'uwa. Sarki Shah Jahan ya fara shi a birnin Agra na Indiya a 1632 a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, aka kammala komai wajen 1653, da farin marmaran Makrana. Marmara tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, hayaƙin masana'antu da motoci da ƙona shara yana maƙalewa a ciki ya mai da ita ruwan ɗorawa. Akwai kuma ƙananan ƙwari da ke hayayyafa a gurɓataccen ruwan kogin Yamuna da ke bayansa, kashinsu na barin koren tabo a bango. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta hana masana'antu amfani da gawayin kwal a yanki mai faɗin murabba'in kilomita 10,400 kewaye da ginin, motoci masu hayaƙi kuma ba sa matsowa kusa da ƙofa.

Ba a goge shi da sinadari mai kaifi ko buroshin ƙarfe, domin asid yana cin marmara, gogewa kuma takan buɗe kafofin datti ya ƙara shiga. Wani yumɓu mai tsotse maiƙo ake kwaɓawa, wanda Indiyawa ke kira multani mitti, a shafa shi a jikin dutsen, a bar shi ya bushe ya ja dattin, ya ɓamɓare, a share da buroshi mai laushi, a ɗauraye da tataccen ruwa marar gishiri. Sashe-sashe ake yi, kuma dole a maimaita bayan 'yan shekaru muddin iskar Agra da ruwan Yamuna ba su gyaru ba.