Ime Udoka: Daga Fili Zuwa Kujerar Koci

Tambaya: Malam, da gaske ne kocin Houston Rockets ya taɓa buga wa Nijeriya ƙwallon kwando? Yaya aka yi ya zama koci?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. An haifi Ime Udoka a Portland ta Amurka a 1977, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Ya sa rigar Nijeriya a gasar Afirka ta 2005, inda muka zo na uku, da gasar duniya ta 2006.

A fili ba tauraro ba ne. Ko a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2000 babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Sai da ya sha faɗi-tashi a ƙananan gasanni da Turai kafin ya samu gindin zama a ƙungiyoyin Portland da San Antonio Spurs, aikinsa tsare abokin hamayya ya hana shi sakat. Ni a ganina wannan wahalar ce ta gina shi, domin wanda ya daɗe a benci yana kallo ya fi sanin inda wasa ke lalacewa.

A 2012 Gregg Popovich, kocin Spurs na lokacin, ya ɗauke shi mataimaki, suka ci kofin NBA a 2014. Boston Celtics ta ba shi ragama a 2021, a kakarsa ta farko ya kai su wasan ƙarshe, Golden State ta doke su. Daga baya Boston ta dakatar da shi saboda saɓa dokokinta. Houston ta ɗauke shi a 2023, nasarorinta suka tashi daga 22 zuwa 41 a kaka guda.