Tambaya da Amsa: Wai darasin motsa jiki wasa ne?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan aji huɗu ne a sakandare nan Gombe, ina so in ɗauki darasin motsa jiki har in rubuta shi a WAEC amma baba yace wai guje-guje ne kawai ba karatu ba, don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. To gaskiya baba bai yi laifi ba, abinda ya gani a firamare kenan, a fito fili a yi tsalle a koma aji. Amma na babbar sakandare akwai karatu sosai, za ka haddace ƙasusuwan jiki guda 206 da yadda tsoka ke aiki da yadda zuciya ke harba jini in mutum na gudu, ga taimakon gaggawa in an samu targaɗe ko karaya, ga dokokin wasanni, kuma akwai na rubutu akwai na fili, wanda ya raina shi shi ke faɗuwa wallahi.

Sai dai fa kar ka saki Bayoloji da Turanci da Lissafi, da su za ka nemi gurbi a ABU Zariya ko BUK Kano, duk suna da sashen. Aiki kuwa akwai koyarwa, akwai horar da 'yan wasa, ƙungiya irin Gombe United ai ba 'yan ƙwallo kaɗai take ɗauka ba.

Kar ka yi musu da baba, ka roƙi malaminku ya je gida ya nuna masa manhajar da kansa.