Amsa: Shekara nawa irin ciyawa ke yi a ƙasar gonar alkama?

Malam, ka tambaya ko barin gonar alkamarka ta huta shekara biyu zai kashe irin ciyawar da ke cikin ƙasa. Zai rage shi, amma ba zai ƙarar da shi ba.

Ciyayi masu siririn ganye, yawancin irinsu kan mutu cikin shekara 2 zuwa 5. Masu faɗin ganye da ƙananan 'ya'ya masu taurin ɓawo su ne matsalar. A gwajin da Farfesa William Beal ya fara a Michigan ta Amurka a 1879, inda ya binne iri cikin kwalabe, fasa-ƙaba da wani dangin rukuɓu sun tsiro bayan shekara 40. A gona ba sa kai haka, don ƙwari da ruɓa na cin rabonsu.

Zurfi ne ke adana iri. Wanda ke saman ƙasa, santimita 5 na farko, ko ya tsiro ko ya lalace. Wanda garma ta binne kuwa barci yake yi, har wata huɗar ta fito da shi. Shi ya sa ban cika son huɗa mai zurfi kowace shekara ba.

Kafin shuka a watan Nuwamba, gyara fangali ka ba shi ruwa, ka jira kwana 10 zuwa 14. In ciyawa ta fito, kankare ta sama-sama da fartanya, kada ka juya ƙasa. Ka kula da takin da bai ruɓe ba da ciyawar bakin magudanar ruwa, nan sabon iri ke shigowa.

Jiji kuwa lissafinsa daban, ta 'ya'yan saiwarsa yake yaɗuwa.