Kan sandar sinuka: mai taushi ko mai tauri?

Malam, ka tambaya wane kan sanda ya fi dacewa da teburinka na Unguwar Rimi, mai taushi ko mai tauri, tunda naka yana saurin lalacewa.

Kan fata mai taushi, irin Elk Master, yana riƙe alli sosai kuma yana kama farar ƙwallo idan ka buge ta a gefe domin ta juya, amma bayan 'yan makonni za ka ga bakinsa ya baje ya zarce zoben da ke ƙarƙashinsa, sai ka yi ta gyara shi da takardar yashi. Mai tauri, irin Triangle, ya fi jurewa, sai dai idan ka yi sakaci da alli zai zame ya yi ƙara "kas".

Ga teburin da mutane da yawa ke wasa a kai, ni matsakaici ko mai tauri nake zaɓa. Ka kuma tuna cewa iskar hunturun Kaduna tana busar da fata ta ƙara mata tauri, don haka kada ka bar sandunanka a rana ko bakin taga.