Ta hannun wa Sin ta koyi zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A majalisarmu ta Aboabo, Kumasi, gardama ta kaure. Wasu sun ce daga Turawa kai tsaye Sin ta koyi zamani, wasu sun ce ta hannun Japan ta bi. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Masu cewa Japan sun fi kusa da gaskiya, musamman daga 1895. Kafin nan, manyan jami'an Sin irin su Li Hongzhang sun ɗauka bindiga da jirgin yaƙi kawai ake bukata. Da Japan ta ci Sin da yaƙi a shekarar, ta karɓe Taiwan da diyyar azurfa liang (ma'aunin azurfa na Sin) miliyan 200, sai ido ya buɗe.

Wanda ya fi gane lamarin shi ne Huang Zunxian, jami'i a ofishin jakadancin Sin a Tokyo daga 1877 zuwa 1882. Ya nazarci gyare-gyaren zamanin Meiji, sarkin Japan na lokacin, daki-daki: haraji, makarantu, soja, shari'a. Ya kammala littafinsa kan Japan a 1887, amma bai fito ba sai da aka sha kashi.

Zhang Zhidong kuwa, wani babban gwamna a Sin, lissafin ɗan kasuwa ya yi a 1898 kan tura ɗalibai karatu waje: Japan ta fi kusa, kuɗin karatu ya fi sauƙi, rubutun ya yi kama da na Sin, kuma Japanawa sun riga sun tace littattafan Turawa.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen Kang Youwei, malami mai neman gyaran mulki a Sin. Ya nuna wa Guangxu, sarkin Sin, cewa Sarki Meiji ne ya gyara ƙasarsa da umarni daga fada, saboda haka shi ma ya kamata ya yi hakan. Alhali a Japan mutanen yankunan Satsuma da Choshu ne suka riƙe ragama, da soja a hannunsu. Sun rushe masarautun gargajiya a 1871, suka mayar da harajin gona kuɗi a 1873, kashi 3 cikin ɗari na darajar filin. Tsarin mulki ma sai 1889 ya zo. Guangxu ba shi da soja ko baitulmali. Gyaransa ya yi kwana 103 kacal, sannan uwar goyonsa Cixi ta tsare shi a watan Satumba na 1898, aka sare kan mutum shida daga masu goyon bayan gyaran, har da Tan Sitong.

Liang Qichao, almajirin Kang, ya tsere Japan. Daga Yokohama ya riƙa buga jarida yana cewa sai an fara gyara tunanin talaka kafin doka ta yi aiki.